Dukiyar Coci da Talaucin Mabiya: Amsoshin Tambayoyin da Ake Yawan Maimaitawa

Tambayoyin nan suna zuwa mini daga Kiristoci da Musulmi, kuma kusan kullum iri ɗaya ne. Na tattara amsoshinsu wuri guda domin wanda zai sake tambaya ya fara karantawa tukuna.

Tambaya: Da gaske ne coci-coci suna da dukiya mai yawa?

Amsa: Wasu suna da ita, akasarinsu ba su da ita. A Jamus gwamnati ce ke karɓar wa coci haraji daga mabiya, kashi 8 ko 9 cikin ɗari a kan harajin da mutum ke biya, kuma ɗarikar Katolika kaɗai tana samun sama da Yuro biliyan 6 a shekara ta wannan hanya. Asusun Cocin Ingila ya haura Fam biliyan 10. Limamin ƙauye a Kongo ko Haiti kuwa ba shi da ko kwabo a cikin wannan.

Tambaya: Ba duk kuɗin a hannun Fafaroma suke ba?

Amsa: A'a. Kowane bishop yana da asusun yankinsa, kuma fadar Vatican kanta ta yi shekaru tana fama da giɓi a kasafin kuɗinta. Cocin Ingila da Otodoks da Pentikostal ba sa ƙarƙashin Fafaroma ma.

Tambaya: Ba maƙiyan Kiristanci ne suka ƙirƙiro sukar da ake yi cewa coci tana tara dukiya alhali mabiya suna cikin talauci ba?

Amsa: Wanda ya faɗi haka bai karanta tarihin addininsa ba. A 1517 Martin Luther, malamin Kirista Bajamushe da ya assasa tafiyar Furotesta, ya tambaya dalilin da ya sa Fafaroma, da duk arzikinsa, ba zai gina babban cocin Bitrus na Roma da kuɗinsa ba sai da kuɗin talakawan masu bi. Tun a ƙarni na 13 Francis na Assisi ya bar dukiyar mahaifinsa ya zaɓi talauci. Fafaroma Paul na Shida ya ajiye kambinsa a 1964 domin matalauta, Fafaroma Francis kuma ya ce a Maris 2013 yana burin ganin coci matalauciya domin matalauta, sannan ya ƙi tarewa a fada, ya zauna a masaukin baƙi na Santa Marta. Haka nan ina jan kunnen masu ɗaukar wannan magana su mai da ita makamin gori ga maƙwabtansu Kiristoci: matar da ke jefa kuɗin cefanenta a kwanon baiko ita ce aka fi zalunta, ba ta cancanci a yi mata dariya ba.

Tambaya: Me ya sa ba za a sayar da kayan tarihin Vatican a ciyar da mayunwata ba?

Amsa: Domin yarjejeniyar Lateran ta 1929 tsakanin Italiya da fadar Fafaroma ta wajabta a bar su a buɗe ga masu bincike da masu ziyara, kuma kuɗin shiga gidan tarihin yana cikin manyan hanyoyin da fadar ke biyan ma'aikatanta. Abin da aka sayar sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Duk da haka tambayar ba ta wauta ba ce, tunda Fafaroma John Paul na Biyu ya rubuta a 1987 cewa idan buƙata ta tsananta, sayar da kayan adon coci domin ciyar da mabuƙata yana iya zama wajibi. A ganina dai inda ɓarnar take shi ne tsabar kuɗin da ke hannun shugabanni ba tare da mai duba su ba. Bishop na Limburg a Jamus, Tebartz-van Elst, ya kashe kimanin Yuro miliyan 31 a ginin mazauninsa, har aka dakatar da shi a 2013, ya sauka a 2014. Cinikin wani gini a Landan ya jawo wa Vatican asarar sama da Yuro miliyan 100, kuma a Disamba 2023 kotunta ta yanke wa Kadinal Angelo Becciu ɗaurin shekara biyar da rabi, ko da yake ya ɗaukaka ƙara.

Tambaya: Ina ba da zakka da baiko, amma na ga shugabannin cocinmu suna almubazzaranci. In daina bayarwa?

Amsa: Ɗan'uwa, wannan ba ta da amsa guda, kuma duk wanda ya yanke maka hukunci da sauri bai yi maka adalci ba. Da farko ka rarrabe abin da ka gani da idonka da abin da ka ji a bakin mutane, domin mai yiwuwa motar da fasto yake hawa kyauta ce daga wani attajiri, mai yiwuwa kuma daga asusun ikilisiya ta fito, kuma hukuncin biyun ba ɗaya ba ne. Bayan haka ka nemi ganin lissafin shekara a gaban dattawan ikilisiya, cikin ladabi, ba a dandalin sada zumunta ba. Idan aka nuna maka, ko da ba ka gamsu da kowane sashe ba, ina ganin ci gaba da bayarwa ya fi, domin sau da yawa daga wannan asusu ake biyan malamin makaranta da mai gadi da maganin asibitin mishan, kuma su ne za su fara jin jiki idan kowa ya janye hannu. Idan kuwa aka hana ka, aka ce tambayar lissafi rashin bangaskiya ce, to a nan akwai abin tsoro. Ɓoye lissafi ne ya sa hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci cocin Mormon da kamfanin jarinsa tarar Dala miliyan 5 a 2023. A irin wannan hali wasu sukan karkatar da abin da suke bayarwa kai tsaye zuwa ga gwauraye da marayun ikilisiyar, wasu sukan ɗaure baikonsu ga wani aiki takamaimai, kamar rufin makaranta, su bi sawunsa. Ɗariku sun saɓa a kan ko hakan ya sauke nauyin zakka, don haka ka tuntuɓi malamin da ba shi da hannu a asusun. Kuma ka lura da ƙasar da kake: a Jamus ba a daina biyan harajin coci sai mutum ya fita daga cocin a hukumance, kuma bishop-bishop na Katolika sun zartar a 2012 cewa wanda ya yi haka ya rasa damar karɓar jibin Ubangiji, wato gurasar ibada da ake rabawa a coci. Kada ka ji kunyar tambaya, kuɗin guminka ne.

Tambaya: Manyan gine-gine fa, laifi ne?

Amsa: Ya danganta da abin da aka bari aka yi su. Houphouët-Boigny, shugaban Kodebuwa na wancan zamani, ya gina katafaren coci a birnin Yamoussoukro a lokacin da farashin koko ya faɗi kuma bashi ya danne Kodebuwa. John Paul na Biyu ya keɓe ginin a 1990 bisa sharaɗin a gina asibiti a gefensa, amma sai a 2015 asibitin ya buɗe. A Romaniya, bayan gobarar da ta hallaka matasa da dama a Bucharest a 2015, masu zanga-zanga sun fito suna cewa asibitoci suke so, ba manyan majami'u ba, kuma ina ganin suna da gaskiya.

Tambaya: Kuɗin gyaran majami'ar Notre-Dame ta Faris ai na coci ne?

Amsa: Ba nata ba ne. Ginin mallakar gwamnatin Faransa ne, kuma sama da Yuro miliyan 800 da aka tara bayan gobarar 2019 gudummawar attajirai da kamfanoni da sauran jama'a ce.