Hannun ma'aikaci da tsabtar nama: tambayoyi kan sinadarai da ƙwayoyin cuta a masana'antar nama

Waɗanne sinadarai ne suka fi damun masu aikin nama?

Na wanke-wanke ne kan gaba: bilic mai sinadarin kulorin, da asid ɗin farasetik da ake zubawa a ruwan sanyaya kaji, da sabulai masu ƙarfi na narkar da kitse. Sai amoniya da ke cikin injinan sanyi, wadda in ta yi yoyo take ƙona ido da huhu. Akwai kuma wanda mutane ba sa zargi, wato safar hannun kanta. Robar latis da sinadaran da ake haɗa safar da su na iya tayar da borin jini. Ko ɗanyen naman ma yakan sa wa wasu ƙaiƙayi cikin 'yan mintoci.

Yaya ake gane borin jini ne, ba cin fata kawai ba?

Cin fata na iya samun kowa. Hannun da ya wuni cikin ruwa da sabulu zai rasa maiƙonsa, ya bushe, ya yi ja, ya tsattsage, musamman tsakanin yatsu. Borin jini kuwa jiki ne ya ƙi wani abu takamaimai. Yakan ɗauki watanni ko shekaru kafin ya bayyana, amma da zarar ya kama, ɗan kaɗan ya isa ya tayar da shi. Wani nau'in sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ƙurajen ke fitowa, shi ya sa mutum ba ya danganta su da aiki.

Don gano abin da jikin ya ƙi, likitan fata kan liƙa sinadarai kaɗan-kaɗan a bayan mutum, a cire bayan awa 48, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. In kuma tari ne da toshewar ƙirji, babbar alama ita ce sauƙin da ake samu ranakun hutu, abin ya dawo da komawa aiki. Kada a yi wasa da wannan, domin asmar da aiki ya jawo tana iya zama ta dindindin idan aka ci gaba da shaƙar abin.

Me ya haɗa ciwon hannu da lalacewar nama?

Fatar da ta tsage gida ce ga ƙwayar Staphylococcus aureus, kuma mai irin wannan hannu yakan rage wanke shi saboda zafi. Idan ƙwayar ta hau nama ta samu ɗumi, sai ta saki dafin da dahuwa ba ta lalata shi. Don haka canja wa ma'aikaci safa zuwa ta naitiril, wato robar da ba ta da latis, da ba shi man shafawa, da ɗauke shi daga taɓa nama har ya warke, duk cikin aikin tsabtar nama suke. Safar da ta jiƙe daga ciki a canja ta nan take.

Ta ina sauran ƙwayoyin ke shiga?

Tsokar dabba mai lafiya kusan ba ta da ƙwayar cuta a cikinta. Daga fata da kayan ciki ake ɗauko Salmonella da Campylobacter da E. coli O157:H7, a lokacin fiɗa da fitar da hanji. Shi ya sa ake ɗaure maƙoshi da dubura kafin a buɗe ciki, ake kuma aiki da wuƙa biyu: ɗaya a hannu, ɗaya cikin ruwa mai zafin digiri 82 na Salshiyas. Niƙa nama na shigar da ƙwayoyin da ke sama har cikin tsakiya, saboda haka wajen dahuwa niƙaƙƙen naman shanu sai tsakiyarsa ta kai digiri 71, na kaza 74.

Sanyi ba ya kashe su?

A'a, rage musu gudu kawai yake yi. Tsakanin digiri 5 da 60 wasu na ninka kansu duk minti 20. Listeria ko a ɗakin sanyi ƙaruwa take yi, tana maƙale a magudanun ruwa da injin yanka. Ita ce ta kashe mutum fiye da 200 a Afirka ta Kudu tsakanin 2017 da 2018, ta hanyar sarrafaffen naman da ake ci ba tare da an sake dafawa ba.

To, me zai hana a ƙara ƙarfin bilic ɗin?

Asara biyu ke nan. Kitse da jini na cinye ƙarfin kulorin, don haka in ba a wanke wuri ba, ƙara shi banza ne, sai dai ya ci hannu da huhun mai wanki. A kwashe tarkace, a ɗauraye da ruwan ɗumi, domin tafasasshe dafa jinin yake ya manne. A goge da sabulu, a sake ɗaurayewa, sannan a sa maganin kashe ƙwayoyin cutar a ma'aunin da aka rubuta a jikin jarka, a bar shi ya cika mintocinsa. Kada a haɗa bilic da asid ko amoniya, iska mai guba suke fitarwa. Kada kuma a auna tiyo mai ƙarfi cikin magudana, feshin kan tebur yake sauka. In sinadari ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai gudu aƙalla minti 15, sannan a nufi asibiti da takardar jikin jarkar.