Waiwaye: Hotunan Mutanen Andaman da Inda Suke a Yau

A 1858 Turawan Ingila suka kafa sansanin fursunoni a Port Blair, cikin tsibiran Andaman da ke tekun Bengal, domin tsare Indiyawan da suka yi bore a 1857. Sun iske 'yan asalin wurin, ciki har da ƙabilu goma masu harsuna dangin juna a manyan tsibiran. Ba a jima ba kyamara ta biyo bayan bindiga.

Ɗaukar hoto a lokacin jan aiki ne. Ana shafa wa farantin gilashi wani ruwa mai danƙo, a tsoma shi cikin ruwan azurfa, a sa a kyamara da jiƙonsa, a ɗauka, a wanke, duk cikin kamar minti 10 zuwa 15. Da zafin rana ya busar da shi, aiki ya lalace. Shi ya sa mai hoto ke yawo da tanti mai duhu, wanda ake ɗauka kuwa sai ya tsaya ƙyam. Tsayuwar da muke gani a tsofaffin hotunan nan umarni ce aka ba su, ba ɗabi'arsu ba ce. Sai a shekarun 1880 busasshen faranti ya yaɗu.

Wanda ya fi tara hotunan shi ne Maurice Vidal Portman, jami'in da aka ɗora wa lura da 'yan asalin daga 1879, wanda kuma a 1880 ya kamo mutum shida daga tsibirin Sentinel ta Arewa. Tsofaffi biyu suka mutu, aka mayar da yara huɗu. Daga wajajen 1890 ya yi wa gidan tarihi na British Museum aiki iri biyu. Akwai na awo: a tsayar da mutum tsirara gaban allo mai gida-gida, kowane gida inci 2, a ɗauke shi ta gaba da ta gefe, a rubuta tsawon gaɓoɓinsa. Wannan cin mutunci ne, ko da wane suna aka kira shi. Akwai kuma jerin da ke nuna sana'a daki-daki: yadda ake ɗaure gizago, a fafe baka, a murza igiya, hannun mai aikin a kusa har ana ganin inda babban yatsa ke danne zare.

Dalilin gaggawar Turawan wajen ɗaukar hotunan shi ne sun ɗauka mutanen ƙarewa za su yi, alhali tunjere da ƙyandar 1877 da suka rage su ta hanyar sansanin suka shigo. Ƙidayar 1901 ta sami mutum 625 a ƙabilun goma. Yau jikokinsu 'yan gommai ne, kuma Boa Sr, mace ta ƙarshe mai jin Bo, ɗaya daga cikin harsunan ƙabilun, ta rasu a 2010. Don haka jeri na biyun ya zama gado mai tsada, sai dai yawancinsa yana Landan da wasu biranen nesa.

Mayar da ainihin gilasan zuwa tsibiran ma yana da nasa haɗari. Laimar iska in ta haura kashi 65 cikin ɗari, fumfuna na cinye fuskar faranti; ana so ta tsaya tsakanin 30 da 40, ɗaki da sanyi, kowane gilashi a tsaye bisa gefensa cikin ambulan marar asid, kada a jibga su. Tsibiri mai damina biyu, da wuya ya riƙe wannan in wuta na ɗaukewa. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a kai kwafi masu kyau, a zauna da dattawa su gyara bayanan da jami'ai suka rubuta a ƙasan hotunan, su kuma faɗi waɗanda ba su yarda a ɗora a intanet ba, musamman na tsiraicin kakanninsu.