Ruwan kogi da injin ban-ruwa: abin da dokar 1993 ta ce

Duk lokacin da ruwa ya ja baya a kogin Haɗeja sai maganar ta sake tashi a majalisar hira: wai tun da gwamnati ta tare ruwa a madatsun Tiga da Challawa, ruwan ya zama nata, mai injin ban-ruwa sai ya biya ko a kama shi. Ba haka doka ta ce ba.

Gaskiya ne Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta damƙa wa gwamnatin tarayya ikon duk kogin da ya ratsa jiha fiye da ɗaya, kuma wannan kogi ya taso daga Kano ya bi Jigawa ya shiga Yobe. Amma sashe na 2 ya bar wa kowa ɗiban ruwan sha da shayar da dabbobi kyauta, masunta ma ba a hana su ba. Wanda gonarsa ke bakin kogi, ko ta gado ce mara takarda, yana da damar ban-ruwa na kansa ba tare da biyan kobo ba. Kuɗin da manoman Kadawa ta Kano ke biyan Hukumar Kogunan Haɗeja-Jama'are daban ne, ladan magudanan da aka gina musu ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne kalmar "na kansa". Lasisi ana nemansa ne ga mai tare ruwa, ko karkatar da shi, ko zuƙarsa don kasuwanci, wanda ya yi ba izini kuwa tara ko ɗauri na jiransa. To mai kadada biyu na tattasai da ƙaramin inji, wanda ƙarshenta kasuwa zai kai, a wane layi yake? Dokar ba ta ja iyaka ba, kuma irin wannan giɓi mai ƙaramin ƙarfi yake ci.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, dokar ta ba ka damar ɗiba, ba ta yi maka alkawarin ruwan zai iso ba. Tun da aka kammala Tiga a 1974, ambaliyar damina da ke shayar da fadamun Haɗeja zuwa Nguru ta ragu. Sakin ruwa rani da damina kuma ya ba ciyawar kachala gindin zama: ta toshe hanyoyin ruwa, wannan gona ta nutse, waccan ta bushe har ƙasa ta tsage. Manomin Gashuwa na da 'yancinsa a takarda, makullin ƙofar dam yana can Kano.