Masu Taɓin Hankali da Ke Jiran Shari'a a Gidan Yari, da Abin da Ya Rataya a Wuyan Iyalansu

Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali na Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. A cikinsu akwai waɗanda suka fi kowa daɗewa, suka kuma fi kowa rashin mai magana da yawunsu, wato masu larurar taɓin hankali. Fursuna mai lafiya yana riƙe da ranar da za a koma kotu, yana iya roƙon gandiroba ya kira masa ɗan'uwa, kuma idan babban jojin jiha ya kawo ziyara zai ɗaga hannu ya faɗi shekarun da ya yi. Wanda ciwon ƙwaƙwalwa ya kama, sau da yawa ba ya iya faɗin sunan unguwarsu, balle kotun da ta tura shi, saboda haka tsarewar da aka yi niyyar ta mako biyu takan zama ta shekaru ba tare da wani alƙali ya same shi da laifi ba.

Mu da muke aikin lafiya mun san hanyoyin da ke kai irin waɗannan bayin Allah gidan yari, kuma yawancinsu ba manyan laifuka ba ne. Wani ciwon ya tashi ya fasa gilashin motar maƙwabci, wani ya ɗauki abinci a kasuwa bai biya ba, wani kuma an same shi yana yawo da tsakar dare ya kasa yin bayanin kansa. Har yanzu dokokin laifuka na mafi yawan jihohi suna ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifin da ke jawo ɗaurin shekara ɗaya, alhali mai yin hakan marar lafiya ne da ke buƙatar likita cikin gaggawa. Akwai kuma masu manyan tuhume-tuhume, kamar matar da ciwon ƙwaƙwalwa ya kama lokacin jego ta cutar da jaririnta, ko matashin da tramadol da tabar wiwi suka birkita ya ji wa wani rauni.

Hanyar da ta fi damuna ita ce wadda iyali suke buɗewa da hannunsu. Idan ɗawainiyar marar lafiya ta gajiyar da gida, kuɗin magani ya gagara, shi kuma ya fara duka ko fashe-fashe, sai wani daga cikin dangi ya kai ƙara wurin 'yan sanda da nufin a ajiye shi ya huce. Ba na zargin waɗannan iyalai da mugunta, domin wanda bai taɓa kwana yana gadin ɗa ko ƙane mai wannan ciwo ba, bai san nauyin abin ba. Amma dole ne a faɗa musu gaskiya: daga lokacin da aka rubuta tuhuma aka kai mutum gaban majistare, al'amarin ya fita daga hannunsu, kuma fito da shi zai fi shigar da shi wuya nesa ba kusa ba. Wannan ɗabi'a tana da tsohon tarihi. Tun dokar mahaukata ta Turawan mulkin mallaka ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ake ajiye masu taɓin hankali a kurkuku ko da ba su aikata laifin komai ba, kuma wani rahoton ƙungiyar Amnesty International na 2008 ya nuna cewa har a lokacin ana samun irinsu a gidajen yarin ƙasar nan.

Dalilin daɗewar yana da sarƙaƙiya. Idan tuhumar babba ce, kamar kisan kai ko fashi da makami, kotun majistare ba ta da hurumin sauraronta, sai dai ta ba da umarnin a tsare mutum har ma'aikatar shari'a ta ba da shawara a kan fayil ɗinsa, kuma fayil ɗin da ba mai bibiyarsa yakan kwanta a ofis. Idan an kai ga fara shari'ar, doka ba ta yarda a ci gaba da ita ba matuƙar wanda ake tuhuma bai fahimci abin da ake karanta masa ba kuma ba zai iya kare kansa ba. Alƙali zai dakatar da zama ya nemi rahoton likita. To, a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200 amma likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai 300 ba, kuma mafi yawansu suna manyan birane, wannan rahoto yana buƙatar mota da mai da ma'aikatan rakiya da kuɗin asibiti. Idan babu wanda ya ɗauki nauyin waɗannan, shari'a tana jiran lafiya, lafiya kuma tana jiran maganin da ba a fara ba. Ko da an ba da beli, sai an samu mai tsaya masa, dangi kuwa da yawa sun janye jiki saboda kunya ko tsoron ya dawo gida. A ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta saki fursunoni 4,068 ta hanyar biya musu tara, abin a yaba ne, sai dai irin wannan rangwame na waɗanda aka riga aka yanke wa hukunci ne, ba ya isa ga wanda ba a ma fara shari'arsa ba.

A ɓangaren lafiya, zaman kurkuku yana ƙara rura wannan ciwo. Mai shan magani kullum, idan aka kama shi aka yanke masa maganin kwatsam, ciwon kan dawo, wani lokaci fiye da yadda ya fara. Mai farfaɗiya da ya rasa maganinsa yana iya faɗuwa a jere har ya rasa ransa. Cunkoso da hayaniya da rashin barci suna tayar da jin muryoyi da zargin cewa ana son cutar da shi, sai ya yi ihu ko ya yi faɗa, sai a ɗauka taurin kai ne a sa masa ankwa ko a kulle shi shi kaɗai, kaɗaicin kuma ya ƙara dagula ƙwaƙwalwar. Shi ne ake ƙwace wa abinci, shi ne ake tura wa kwana kusa da bokitin bahaya, kuma shi ne ba zai iya faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa ya yi makonni yana tari ba, ga tarin fuka yana yaɗuwa a ɗakunan da ba iska. Binciken likitoci ya tabbatar da cewa gwargwadon daɗewar ciwon ƙwaƙwalwa ba magani, gwargwadon wahalar murmurewa daga baya. Abin takaicin shi ne magungunan da ke kwantar da yawancin waɗannan cututtuka, irin su haloperidol da chlorpromazine, tsofaffi ne kuma ba su da tsada, har ma akwai allurar da ake yi sau ɗaya a wata ga wanda ba ya iya riƙe shan ƙwaya. Gandirobobi da yawa suna ƙoƙari da ɗan abin da ke hannunsu, amma ba a horar da su aikin jinyar ƙwaƙwalwa ba.

Doka kuwa tana tare da marar lafiya, rashin saninta ne ke cutar da iyali. Tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Sashe na 51 na dokar laifuka ta Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ya ce abin da mutum ya aikata alhali taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi ba laifi ba ne. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ƙayyade umarnin tsarewa ga kwana 14 a karon farko, ta sa iyaka ga sabunta shi, kuma jihohi sun yi nasu dokokin a kan wannan tsari. Dokar hukumar gyaran hali ta 2019 ta ba shugaban gidan yari ikon ƙin karɓar mutumin da aka kawo ba ya cikin hayyacinsa. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta kuma tabbatar wa masu wannan larura haƙƙin samun magani da mutunci. Addini ma ya riga ya yi magana, domin hadisi ya zo cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, cikinsu har da wanda hankalinsa ya gushe har sai ya dawo hayyacinsa. Wanda aka zalunta yana da haƙƙinsa, al'umma kuma tana da haƙƙin a kare ta daga marar lafiyar da ke da haɗari, amma wurin da za a yi wannan kariya shi ne asibitin da ke da tsaro da magani.

Saboda haka, idan ciwon ɗan'uwa ya tashi har ana tsoron ya cutar da wani, a nufi asibiti da shi tun kafin a yi tunanin caji ofis. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen masu wannan larura. Idan ana buƙatar taimakon 'yan sanda don a kama shi, a bayyana musu cewa rakiya zuwa asibiti ake nema, kada a shigar da ƙara. Gidan mari ma ba mafita ba ne, domin sasari ba ya maganin ciwo.

Idan kuwa an riga an kama shi, kwanakin farko su ne mafi muhimmanci. A je da katin asibitinsa da kwalayen maganinsa da takardar likitan da ke duba shi, a nuna wa ɗan sanda mai bincike, a kuma tabbatar an faɗa wa alƙali tun zaman farko cewa mutumin nan yana da larura. A rubuta sunan kotun da lambar ƙarar da ranar da aka ɗage zama, a ajiye a wurin mutum biyu a gida, domin da waɗannan ne kaɗai za a iya gano fayil idan ya ɓace. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin hukumar ba da tallafin shari'a kyauta da ke babban birnin jiharsa, ko ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa. Lauya yana iya roƙon kotu ta ba da umarnin a kai shi asibiti, kuma idan laifin na beli ne, doka ta yarda a damƙa shi ga danginsa bisa alƙawarin za su kula da shi su hana shi cutar da kansa ko wani. A riƙa kai masa ziyara, a miƙa maganinsa ta hannun ma'aikacin lafiya na gidan yarin, a tambayi ko yana ci yana barci.

Ga waɗanda danginsu suka yi shekaru a tsare har an fid da rai, ƙofa ba ta rufe ba. Babban jojin kowace jiha yana da ikon sakin wanda tsarewarsa ta saɓa wa doka, ko wanda ya daɗe yana jiran shari'a fiye da hukuncin da za a yanke masa da an same shi da laifi, kuma yakan yi hakan ne a lokacin ziyarar gidajen yari. A rubuta masa takardar koke ta hannun lauya ko magatakardar babbar kotu, a haɗa da shaidar asibiti, a kuma bayyana wanda zai karɓi marar lafiyan da asibitin da zai ci gaba da duba shi, domin alƙali ya fi samun natsuwar sakin wanda ya san inda za shi. Limamai da masu unguwanni da ƙungiyoyin da ke kai sadaka gidan yari a watan azumi za su iya neman sunayen masu larurar da ba wanda ke ziyartarsu, su taimaka wajen gano garuruwansu da danginsu. Ranar da aka sallamo shi kuma, kafin a wuce gida a fara biyawa asibiti a auna shi, a duba ƙirjinsa saboda tarin fuka, a ɗora shi a kan magani, a kuma karɓi ranar da zai koma ganin likita.