Likitan Gashin Ƙashi Ma Yana Bukatar A Duba Lafiyarsa

Duk wanda ya taɓa kai mai shanyewar ɓarin jiki asibiti ya san aikin likitan gashin ƙashi. Shi ne yake tallafar majinyaci daga gado zuwa keke, ya miƙe masa ƙafa, ya matsa tsokar da ta ƙage, ya riƙe shi har ya sake koyon tafiya. Wannan aiki ya daɗe a nan Legas, domin a asibitin ƙashi na Igbobi aka fara shi a Najeriya a 1945. Sai dai idan ka gaida mai yin sa, "Lafiya lau" zai ce maka, alhali ƙugunsa na sara tun safe.

Wannan amsa ce take damuna a matsayina na ma'aikaciyar lafiya. Ciwon baya, ciwon wuya da ciwon babban yatsa sun yi yawa a tsakanin masu wannan sana'a, saboda yawan sunkuyo, ɗaga majinyata da matsa jiki da hannu. Da yawansu, don sun san sunan ciwon kuma sun san maganinsa, sai su ɗauka ba sa cikin marasa lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 1948 take fassara lafiya da cikakkiyar walwalar jiki, ta tunani da ta zamantakewa, sannan a 2019 ta bayyana matsananciyar gajiyar aiki a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa. Wanda ya baro Agege da asuba, ya sha cunkoson motoci, ya wuni a tsaye, da yamma kuma ya bi gidaje duba majinyata, ya kamata ya tambayi kansa tsakani da Allah: yaya barcina, kuma har yanzu ina jin tausayin majinyaci kamar da?

Abokan aiki, ku daidaita tsayin gado kafin ku taɓa majinyaci, kada mutum ɗaya ya ɗaga mai nauyi, kuma kada ku jera masu bukatar matsa da hannu ba hutu. Ciwon da ya ƙi tafiya a kai shi ga wani likita ya duba.

'Yan'uwa masu jinya a Idi-Araba da Mile 12, idan likita ya zo gida, a tanadi gado mai tsayi maimakon katifa a ƙasa, a kuma samu mai ƙarfi ɗaya da zai kama masa wajen ɗagawa.