Motsa jiki da yunwa ga mai ƙiba: amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Kusan kullum sai an yi mini waɗannan tambayoyin, wani ma ya dawo da wadda na amsa masa jiya. Don Allah a karanta tukuna.

Motsa jiki yana ƙara yunwa?

Ba nan take ba. Mai tsanani ma danne ta yake yi na ɗan lokaci.

Na tsawon wane lokaci?

Galibi rabin awa zuwa awa guda. Daga nan ta dawo.

Na yi gumi sharkaf, ai na yi mai tsanani ke nan?

A'a. A watan Afrilu na zaune a inuwa ma jiƙewa yake yi. Gwada magana. In kana iya hira amma waƙa ta gagare ka, matsakaici kake yi. In kalma uku ko huɗu kake furtawa sai haki ya tsayar da kai, wannan shi ne mai tsanani.

Me ya sa ba na raguwa, alhali kullum ina zagaye fili?

Me kake ci bayan ka gama? Da idona nake ganin mutum ya kammala zagayensa, tawul a wuya, ya tsaya gaban mai ƙosai, ya kora da lemon kwalba mai sanyi, wai ladan wahala. Lemon roba guda mai rabin lita yana ɗauke da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) wajen 200, kusan abin da tafiyar rabin awa ta ƙone maka ke nan. Wannan ba yunwa ba ce, kwaɗayi ne da sabo, kuma ka daina ɗora wa atisaye laifi.

Ta yaya wahalar take danne yunwa?

Ciki yana fitar da wani sinadari, girelin, da aka gano a Japan a 1999. Shi ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon yunwa. Idan jiki ya sha wuya sosai sai girelin ya ragu, sinadaran ƙoshi na hanji irin su PYY da GLP-1 su ƙaru. A 2022 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun bayyana wani sinadarin kuma da motsa jiki ke ƙarawa, Lac-Phe, wanda ya sa ɓeraye masu ƙiba suka rage cin abinci. Ɓeraye na ce, kada wani ya sayar maka da ƙwaya da sunansa.

Na haura kilo 110, ina da hawan jini, gwiwata na ciwo. In bar tafiya in koma gudu don yunwata ta ragu?

Nan kam sai a hankali, domin amsar ta danganta da jikinka. Binciken da aka yi a kan masu ƙiba bai zo baki ɗaya ba. A Ostireliya an ga maza masu nauyi sun rage ci bayan tuƙa keke da ƙarfi ana hutawa tsakani. A Norway kuwa an gwada masu ƙiba, aka daidaita kalorin da suka ƙona, ba a ga wani bambancin kirki a yunwarsu tsakanin mai tsanani da matsakaici ba. Wato mai yiwuwa ya taimake ka, mai yiwuwa kuma ka lalata gwiwa a banza, ka kwanta wata guda kana ci ba motsi.

Da ni ne, likita zan fara gani, a auna jini, a duba zuciya. In ya yarda, kar ka yi gudu a kan kwalta. Cikin tafiyar taka ka ɗaga ƙafa minti ɗaya, ka sassauta minti biyu, ka maimaita sau biyar ko shida. Keke ya fi sauƙi ga gwiwa. In ka ji ƙirji ya ɗaure ko jiri ya ɗebe ka, tsaya nan take ka nufi asibiti. In kuma likita ya hana, kada ranka ya ɓaci. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 na matsakaici ta ce a yi a mako, kuma tafiyarka tana ciki. Ba ka makara ba.

Ba na jin yunwa bayan atisaye, in tilasta wa kaina ci?

Sha ruwa ka jira. Sai dai in kana allurar insulin ko maganin suga irin glibenclamide: karkarwa, gumi mai sanyi da yunwa mai zuwa farat ɗaya alamar faɗuwar suga ce. Ka riƙa fita da dabino ko ƙwayar suga a aljihu, kuma kada ka jira ka isa gida kafin ka ci.