Kafin ka tura riyal ɗari: abin da dokar Saudiyya ta ce game da ƙungiyoyin taimakon yara masu tawahhud

Wata ƙanwar mahaifiyata da ke zaune a Shari'u Mansur a Makka tana da jika ɗan shekara shida wanda har yau bai furta kalma ba. Likita ya ce tawahhud ne, wato abin da a gida ake kira galahanga. Kwanaki aka sa ta a wani zauren WhatsApp inda ake tara kuɗi "don buɗe wa irin waɗannan yara wurin koyo", sai ta kira ni ta ce: "Ɗana, in tura ko kada in tura?" Amsar da na ba ta ce nake so in faɗaɗa a nan, domin da yawa daga cikinmu mazauna Makka da Jidda da Madina ba mu san cewa taimako ma yana da ƙa'ida a ƙasar nan ba.

Tushen maganar shi ne dokar ƙungiyoyi da cibiyoyin al'umma da aka fitar a shekarar 1437 ta Hijira, wato ƙarshen 2015. Dokar ta ce ba a kafa ƙungiyar taimako sai mutum goma aƙalla, 'yan ƙasa, sun haɗu sun nemi lasisi. Dole ta kasance da babban taron mambobi, da majalisar gudanarwa da taron ya zaɓa, da kundin ƙa'idojinta a rubuce, da asusun banki da sunanta, kuma akanta mai lasisi daga waje ya binciki lissafinta kowace shekara. Hukumar da ke ba da lasisin da sa ido yanzu ita ce Cibiyar Ƙasa ta Bunƙasa Ɓangaren da Ba na Neman Riba ba, wadda aka kafa a 2019. Tana auna ƙungiyoyi da ma'auni uku: bin doka, bayyana komai a fili, da lafiyar harkar kuɗi.

Saboda haka tambayar farko mai sauƙi ce: ina lambar lasisinku? Ta biyu: sunan wa ke kan asusun? In sunan mutum ne, ko da limamin unguwa ne ko ɗan'uwanka na jini, to ba ƙungiya ba ce a idon doka. A 2024 an fitar da doka ta musamman kan tara gudummawa, wadda ta keɓe aikin ga masu izini kaɗai. Wanda ya tara ba izini yana iya fuskantar tara ko ɗauri, in kuma baƙo ne a fitar da shi daga ƙasar. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da yawancinmu da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, muke zaune. Na san mafi yawan masu tara kuɗin nan niyyarsu mai kyau ce, amma kyakkyawar niyya ba ta hana a kama mutum. Mai son bayarwa yana da hanya a buɗe: dandalin Ihsan na gwamnati don ba da sadaka ta intanet, da aka ƙaddamar a 2021, ko asusun ƙungiyar da ke da rajista.

Akwai kuma abin da ke ci min rai, wato ɗaukar yaro mai nakasa a zauna da shi bakin masallaci ana bara. Dokar hana bara ta 2021 ta sa wa mai sana'ar bara ɗaurin da zai iya kai wata shida ko tarar da za ta iya kai riyal 50,000, baƙo kuma a kore shi. Ko ba doka, yaron da ƙarar mota da cunkoso ke firgita shi bai cancanci a yi masa haka ba.

To amma lissafin kuɗi rabin magana ne. Ƙungiya tana iya cin dukkan ma'aunan nan uku, takardunta tsaf, amma yaron da aka kai mata a shekarar da ta wuce yana nan yadda yake. Rahoton shekara zai ce "mun amfanar da mutum kaza", ga hotunan biki, ga manyan baƙi. Mai amfana a takarda yana iya zama wanda aka ba jakar makaranta sau ɗaya. Uwa kuwa abin da take son ji daban ne: shin ɗana ya koyi nuna abin da yake so ba tare da buga kansa a bango ba? Ya iya shiga banɗaki da kansa? Zama nawa ya samu da mai koyar da magana a wata, kuma minti nawa ne kowane zama? A wurin aiki na gaskiya, kowane yaro yana da tsarin koyo nasa shi kaɗai a rubuce, da burin da aka sa masa, da ranar da za a sake dubawa, kuma iyaye suna zama a tattauna da su. In ka nemi wannan takarda aka yi ta kewaye-kewaye, ka gane inda aka dosa.

Neman wannan bayani ba rashin godiya ba ne. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa a 2008, ta kafa Hukumar Kula da Masu Nakasa a 2018, sannan a 2023 ta fitar da dokar haƙƙoƙinsu, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar "kula" da su. Sauyin suna daga kulawa zuwa haƙƙi yana da ma'ana: ilimi da lafiya da aiki abin yaron ne, kuma dokar ta hana wulaƙanta shi, ko yi masa izgili, ko cin riba da halin da yake ciki. Ni a ganina ƙungiyar da ke yaɗa hoton yaro yana kuka don jawo masu bayarwa, ba da yardar iyayensa ba, ya kamata ta yi wa kanta faɗa.

Ga waɗanda suka girma, dokar ƙwadago ta ce ma'aikatar da ke da ma'aikata 25 ko fiye, in yanayin aikin ya ba da dama, ta ware kashi 4 cikin ɗari na guraben aikinta ga masu nakasa da aka horar. Ƙungiyar da ke cewa tana shirya matasa don aiki, a tambaye ta nawa suka samu aikin, nawa kuma suke nan bayan shekara guda.

Abu na ƙarshe da na gaya wa inna: kowace ƙungiya tana da sharuɗɗan waɗanda take karɓa, don haka mai iƙama ya fara tambaya tun kafin ya sa rai, ya kuma tafi da rahoton likita. Ba ta tura kuɗin zauren ba. Ta tattara takardun jikan nata a leda, ta ce ranar Lahadi in zo in kai su.